Ƙafar Hagu a Kan Kuloci

Ni mace ce mai hanci. Ina ɗaki nake sanin shinkafa ta fara kamu, kuma ban taɓa haɗa ƙaurin wake da na tuwo ba. Amma akwai wani ƙauri da ya yi wata da watanni yana bina a cikin mota, mai kama da an ƙona tsumma da gashi tare, ban gane shi ba. Na ɗauka haka tsofaffin motoci suke, kamar yadda tsohon ɗaki yake da warinsa.

Motar ta maigidana ce, Malam. Ya saye ta 'yar Kwatano tun yana zagaya kasuwannin ƙauye sayen hatsi. Doguwa ce, ruwan toka, mai ƙofa a baya, tana shan dizal. Tana da abin da ake kira tobo, wanda Malam ya ce min kamar zugazugin maƙeri yake, yana hura wa injin iska don ya ƙara ƙarfi. Halinta shi ne, in aka taka totur sai ta fara da nawa kamar jakin da aka tasa daga barci. Can sai a ji wani fito siriri daga gaba, sai ta zabura gaba ɗaya. Malam yana son wannan zaburar. Ya kan ce tsufanta a fenti ne kawai.

Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi, Allah ya taƙaita. Magana ta dawo, hannu ya dawo, ƙafar hagu ce ta ƙi. Kuloci kuwa da ƙafar hagu ake taka shi. 'Ya'yanmu duk mata ne, kowacce tana ɗakinta. Ga zuwa asibiti gashin ƙashi, ga gona a Beri da ba ya iya haƙurin rashin ganinta. Wata safiya ina shafa masa man zafi ya ce, “Ke za ki koya.”

Na ce, “Malam, da furfurata?”

Ya ce, “Furfura ba ta taka birki.”

A filin makarantar unguwarmu ya koya min, ranakun da babu yara, yana zaune a gefena da sandarsa tsakanin gwiwoyi. Takalmi yana zame min, don haka nake cire shi in tuƙa da tsirarar ƙafa, har yau. Matan unguwa sun yi 'yan maganganunsu suka gaji, daga baya su ne masu aiko min in kai su awo.

Ranar da muka fara hawa kwalta, na yi addu'ata, na saka giya ta biyu, na taka totur. Fiton nan ya zo, motar ta zabura, kan Malam ya koma baya ya bugi kujera. Ya ciji harshensa. Na ga ɗigon jini a wuyan farar rigarsa, kuma ni na wanke ta. Tun daga ranar na nemo wa kaina dabara. Na lura in na ɗan danna kuloci, ba duka ba, daidai lokacin da fiton ya fara, sai zaburar ta mutu, motar ta tafi lumui kamar kwalekwale. Haka a bakin rami, haka a kan tudun da ake yi wa titi don rage gudu, haka in ɗan acaba ya gifta. Sai ƙafata ta hagu ta tare a kan kuloci, ba ta sauka sai mun iso. Ban tambayi kowa ba. Har alfahari nake a raina cewa na fi Malam laushin tuƙi, don ko ruwa ya riƙe a kofi ba ya zuba.

Mai gyaran motar kuwa surukina ne, mijin 'yata ta fari. Wanda ya san gidajenmu ya san abin da wannan yake nufi. Ita kanta ba na kiran sunanta, ba na zama in yi doguwar hira da ita. Shi kuma in ya zo, tun daga zaure yake tuɓe takalmi, ya durƙusa nesa da ƙofar ɗaki ya gaishe ni yana kallon ƙasa, ni kuma in amsa daga bayan labule. Shekarun aurensu duka, da za a ce in siffanta fuskarsa da na sha wuya. Muryarsa na sani, da hannayensa masu baƙin mai a gefen farce. Mutanensa Kambari ne daga wajen Kaboji, Hausarsa tana da 'yar kwana a bakin harshe, kuma kunyarsa ta fi tamu. Ya taɓa ce wa Malam a wajensu suruki noma yake yi wa iyayen matarsa, shi kuwa ba shi da fartanya sai sifana, don haka motar nan ita ce gonar da zai nome. Shi yake juye mata baƙin mai a kan lokaci, shi ya aiko min ta bakin Malam cewa in mun dawo daga tafiya mai nisa kada in kashe ta nan take, in bar ta ta ɗan huce tana aiki, saboda tobon. Wannan na kiyaye shi kamar wuridi.

Ba a daɗe ba motar ta fara wani sabon hali. In na taka totur sai injin ya yi ta kururuwa, tafiyar kuwa ba ta ƙaru ba, kamar mai gudu a cikin santsi. Surukina ya zo ya ɗauke ta. Ashe canza faifan kuloci ba ƙaramin aiki ba ne, sai an sauke giyabos gaba ɗaya, mutum yana kwance a ƙarƙashin mota wuni guda. Ya dawo da ita garau, ya ajiye makulli a hannun Malam, ya ce faifan ne ya cinye, dama ya tsufa. Muka sa masa albarka.

Kafin damina ta fita sai ga halin ya dawo. Ya sake ɗauka, ya sake gyarawa. Wannan karon bai ce ya tsufa ba.

Na uku shi ne na hanyar Beri, da kaka. Mun ɗauko buhunan masara a baya, muna hawan wani ɗan tudu bayan an haye gada, sai motar ta tsaya cak a tsakiyar hawan, injin yana ihu, hayaƙi mai ƙaurin nan yana shigowa ta ƙarƙashin ƙafafuna. Ta fara komawa baya. Na danne birki ina salati. Wasu manoma da ke dawowa da kayan girbi suka ajiye, suka sa mata duwatsu, suka tura mu gefe. Wata mata a cikinsu, da ɗan gicciye a wuyanta, ta ba Malam ruwa a goranta ta riƙe masa hannu har ya zauna a inuwa. Ƙanin Malam muka kira, shi ya zo da wata mota aka ja mu har garejin surukina.

Wannan ƙanin mijin nawa, Alhaji ƙarami muke ce masa, dillalin hatsi ne, duk direbobin tasha abokansa ne, kuma bakinsa ba shi da linzami. Tsakanina da shi wasa ne tun ina amarya. Direban gwamna yake ce min. Amma ranar babu wasa a fuskarsa, don ya ga yayansa zaune a bakin hanya a cikin rana. Ina cikin motar da ta ja mu, na rufe fuska da mayafi, ina jin sa yana yi wa surukina faɗa.

“Kai, sau nawa ke nan? Kulocin mota ɗaya sau uku a shekara? Ko na keken ɗinki kake sa mata?”

Surukina ya ce, “A yi haƙuri, Baba.”

“Aikin kyauta dama ba ya ƙarko. Ka tsinto tsohon faifai a bola ka wanke da fetur ka liƙa wa surukinka, don ka san ba zai buɗe ya duba ba. In abin da kake wa na gida ke nan, bare fa?”

Garejin cike yake da direbobi masu jiran aiki. Surukina ya sake cewa, “A yi haƙuri, Baba,” ya sunkuya yana tattara sifanu da ba su warwatse ba.

Zan faɗi gaskiya, maganar ta shige ni. Ina jan carbi bayan sallah sai in ji zuciyata tana cewa, to in ba haka ba ne, me ya sa bai kare kansa ba? Har na ce wa Malam, “Ko dai yaron nan abubuwa sun yi masa yawa ne, yake sa mana na hannu?” Malam ya dube ni ya daɗe, ya ce in miƙo masa ruwa.

Bayan 'yan kwanaki 'yata ta zo. Ba ta zauna ba, ta ja kwanukan da ke bakin rijiya ta hau wankewa, alhali wankakku ne. Tana ba ni baya take magana, kamar da bokiti take yi. Ta ce direbobi abokan Alhaji ƙarami sun kwashe motocinsu daga garejin. Ta ce a tasha yanzu in kulocin wani ya yi ƙara sai a ce ko na bola ne. Ta ce mutumin ba ya cin abinci sosai. Na ce Allah ya kyauta, ya rufa asiri. Ta ɗago kamar za ta ƙara wani abu, ta dubi ƙafafuna, ta mayar da kai ga kwanukan. Na lura da wannan kallon, amma na ɗauka lallen da na ƙunsa take dubawa.

Alhaji ƙarami ya aiko cewa ranar Asabar zai zo da mai jan mota a kai ta wani gareji. Ana jibi Malam ya ce in raka shi ya kwaso takardun asibitinsa da ya bari a aljihun motar. Muka hau keke napep. Da muka isa, shi ya shiga, ni kuma ba zan tsaya a gaban suruki ba, sai na zauna a rumfar mai abinci da ke manne da garejin, zana ce kawai a tsakani.

Ta bayan zanar nake jin muryar surukina, amma ba wadda na sani ba. Wannan mai ƙarfi ce, har da dariya a ciki. Wani direban tasi yake wa faɗa, bai san mun iso ba.

“Zo ka gani da idonka. Ka ga yadda ya yi shuɗi? Wannan ba cinyewa ba ce, ƙonewa ce. Sunsuna.”

Direban ya ce, “Kayan yanzu ne ba su da kyau.”

“Kayan lafiyarsu lau, ƙafarka ce ba ta da gida. Kuloci ba matashi ba ne da za ka ɗora ƙafa ka yi barci. Ko dai ka taka shi duka, ko ka sake shi duka. In ka riƙe shi a tsakiya, faifan yana gugar ƙarfe ne kamar ana wasa wuƙa. Balle mota mai ƙarfi. Ko daga Makka na kawo maka faifai, wata biyu ka dawo.”

“To ai saboda ramuka ne.”

“Rami birki ake taka masa. Dubi robar fedarka, ta yi sulɓi kamar dutsen wanka.”

Na leƙa ta tsagar zana. Yana riƙe da wani faifai mai faɗin faranti, gefensa ya yi shuɗi-shuɗi da baƙi. Iska ta kawo min warinsa. Shi ne, ƙaurin nan da ya yi ta bina. Can kuma a gefen motarmu, a kan wani buhu, ga namu faifan da aka ciro, launinsu ɗaya, har namu ya fi duhu. Na san yadda robar kulocinmu take, don tafin ƙafata ya san ta. Santsi gare ta kamar sabulun da ya kusa ƙarewa.

Mai abincin ta ce, “Hajiya, lafiya? Kin yi gumi.”

Na ce mata zafi ne.

Muka hau keke muka koma. Sai da muka shiga gida na zaunar da Malam, na tsuguna ina cire masa takalmi, sannan na ce, “Malam, ka sani?”

Bai tambaye ni me ba. Ya ce, “Shekara nawa ina tuƙa motar nan? Da kunne nake jin ƙafarki.”

“Shi ma ya sani?”

“Tun gyaran farko. Ya zo nan ya durƙusa ya fi rabin sa'a, ya buɗe baki ya rufe, ya tashi ya tafi. Ta ina zai fara? Ya ce uwar matarsa ba ta iya tuƙi ba?”

“Kai fa? Kai ba surukina ba ne.”

Ya murza gwiwarsa ta hagu. Can ya ce, “Na san don wa kike yi. Na ga fuskarki ranar da kike wanke rigar nan. Na ce in na yi magana za ki ajiye makullin, ni kuma in koma kwance ina kallon rufi. Son kai ne, Allah ya yafe min. Ban zaci abin zai kai ga yaron ba. Da ya kai, nauyin bakin ya riga ya yi yawa.”

Ashe gida guda, kowa ya sani sai ni. Miji ya yi shiru don tausayi, 'ya ta yi shiru don ni uwa ce, suruki ya yi shiru ya kwanta a ƙarƙashin mota sau uku yana sauke ƙarfe mai nauyin buhu, ya tashi aka kira shi mai tsintar bola a gaban jama'a. Ni kuma, mai ƙona faifan, ina kan sallaya ina zarginsa. Wannan zaton shi ya fi ci min rai. Na yi istigfari, amma na san hakkin mutum ba ya faɗuwa da carbi.

Malam ya ce zai kira ƙaninsa ya yi masa bayani a ɗaki. Na ce a'a. A ɗaki aka zage shi? Direbobin da suka ji na farko, su za su ji na biyu.

Ranar Asabar da hantsi na sa babban mayafina muka je. Alhaji ƙarami ya riga mu, da mai jan mota da abokansa na tasha, ana ta ɗaura igiya. Ban tsaya a rumfar mai abinci ba. Na taka cikin garejin, ƙasa duk baƙin mai. Surukina yana hango ni ya zube a durƙushe inda yake.

Alhaji ƙarami ya ce, “A'a, direban gwamna da kanta. Kin zo ban kwana da jirginki?”

Na ce, “Alhaji, a kwance igiyar nan.”

“Saboda me?”

Ba zan iya duban surukina ba, don haka ƙanin mijina na duba, na ɗaga murya yadda ban taɓa yi a gaban maza ba. Na ce, “Kayan da aka sa wa motar nan sababbi ne, duk sau biyun. Ni nake ƙona su. Ƙafata ba ta sauka daga kan kuloci tun daga gida har Beri. Ga faifan can a kan buhu, duk direban da ke nan ya ɗauka ya duba launinsa. A leƙa a ga fedar.”

Wani dattijon direba ya buɗe ƙofar ya sunkuya ya shafa robar. Ya ɗago yana girgiza kai, ya ce, “Wallahi kamar an yi mata man shanu.” Wani ya ɗauki faifan ya sunsuna ya miƙa wa na kusa da shi. Aka fara 'yar dariya ƙasa-ƙasa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, amma ban gama ba.

Na ce, “Mai garejin nan ya sani tun farko. Kunyata ce ta hana shi faɗa. Wanda ya ji an ce bola, ya ji wannan ma, ya kai tasha.”

Alhaji ƙarami ya cire hularsa ya sosa kai ya mayar. Ya ce, “Matar yaya, ashe haya kika ba ƙafar a wurin, ba mu sani ba.” Sannan ya juya yana neman surukina. “Kai, ɗana, ina kake? Fito in ba ka haƙuri a inda na ɓata maka.”

Babu shi a inda ya durƙusa. Sai ƙafafunsa muka gani sun leƙo daga ƙarƙashin wata motar da ko taɓa ta ba a fara yi ba. Daga can ciki muryarsa ta fito, ƙarama, irin wadda na sani. “Ba komai, Baba. Mama ba ta yi laifi ba. Motar ce ƙarfinta ya yi yawa.”

Alhaji ƙarami ya tsuguna da babbar rigarsa a cikin baƙin man ya kama ƙafar ya ce, “Ni dai na yi laifi. Ka yafe min, ko in kwana a nan.” Da hannunsa ya kwance igiyar.

Ba duka direbobin suka dawo a makon ba, amma sun dawo. 'Yata ta zo ta ce min, tana kallon tukunya, mutumin ya ƙara tuwo jiya.

Da aka gama gyara aka kawo motar, Malam ya karɓi makulli a zaure kamar kullum. Washegari na cire takalmi na shiga, na kai ƙafar hagu inda ta saba, sai ta ci karo da wani abu a gefen kuloci. Na sunkuya. Wani guntun katako ne, an goge shi sumul, an lulluɓe shi da robar taya, an ɗaure shi da ƙusoshi a jikin motar, daidai tsawon tafin ƙafata. Ba a aiko da wani saƙo tare da shi ba. A kujerar Malam kuma an ɗaura ɗan matashi a inda ƙeya take sauka.

Na ɗora ƙafar a kan katakon. Muka fita, muka hau kwalta, na taka totur a hankali. Fiton ya fara, ƙafata ta ɗaga da kanta tana neman tsohon wurinta. Malam ya ɗora sandarsa a kan gwiwata ya ce, “Bar ta ta zabura. Ba ƙwai kika ɗauko ba.”

Na mayar da ƙafar. Motar ta zabura, kansa ya koma baya ya sauka a kan matashin.

Har yau in surukina ya zo gaisuwa, daga bayan labule nake amsawa, kuma ba mu taɓa tayar da maganar ba. Sai dai in na ji ya tashi zai tafi, nakan ce wa Malam, yadda za a ji daga zaure, a faɗa wa mai gyara katakon yana nan, ana amfani da shi.